Tarar hanya da aka rubuta maka tun 2021 ba ka biya ba: ga matsayinka a doka

Wani bawan Allah, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya aiko da tambaya. A taƙaice ga abin da ya ce. A 2021 jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, suka tsayar da shi a Kwanar Dawaki yana dawowa daga Zariya. Suka rubuta masa laifi biyu, amsa waya yana tuƙi da rashin ɗaura bel, suka riƙe lasisinsa. Da yake lasisin saura kaɗan ya ƙare, sai ya bar musu. Bai biya ba, bai koma ba. Yanzu ya je sabunta lasisi, aka ce akwai tsohuwar tara a kan sunansa. Wani da ya tarar a bakin ofis ya ce masa kuɗin sun taru sun kai naira 45,000, amma in ya kawo 20,000 a hannu zai sa a goge. Abokinsa kuma ya ce ya manta da zancen, tarar da ta haura shekara uku ta mutu, kuma ai kotu ma ta hana su cin tara. Yana tambaya wa zai bi.

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi ko ɗayansu. Tarar tana nan, ba ta mutu ba. Amma kuma ba ta ƙaru da ko kwabo don kawai ta daɗe ba. Aikina na lauya ya fi yawa a kotunan majistare na cikin gari, su Gidan Murtala da Nomansland da Gyaɗi-Gyaɗi, kuma irin wannan magana tana yawan zuwa mana, sai dai ba ta cika isowa ba sai ta riga ta ɓaci. Taka ba ta ɓaci ba tukuna, shi ya sa zan tsaya in warware maka ita dalla-dalla.

Mu fara da takardar da aka miƙa maka a bakin titi. Mutane suna ɗauka hukunci ce. Tuhuma ce. Jami'in da ya tsayar da kai ba alƙali ba ne, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Abin da takardar take gaya maka shi ne: muna zarginka da kaza, ga hanya biyu. In ka yarda ka aikata, je ka biya abin da doka ta yanka, ka sarayar da haƙƙinka na tsayawa gaban alƙali, magana ta ƙare. In ba ka yarda ba, mu haɗu a kotu. Kai ba ka ɗauki ko ɗaya ba, ka yi kunnen uwar shegu ka ci gaba da harkokinka. To a idon doka tuhumar tana buɗe yadda ka bar ta. Lasisin da suka riƙe kuwa, an riƙe shi ne don ka dawo. Barinsa a hannunsu bai zama biya ba.

A da can wannan dabara tana ci. Lokacin da komai a littafi ake rubutawa, mutum kan bar tsohon lasisi a ofis, ya tsallaka wata jiha ya yi sabo, babu wanda zai haɗa biyun. Tun da aka shigo da sabon lasisi a 2011, mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, bayanan direbobin ƙasar nan gaba ɗaya suka koma rumbu guda. Ko a Kano ka yi, ko a Dutse, ko a Legas, mutum ɗaya kwamfuta take gani. Rubuta laifin ma ya koma na'ura, yana tafiya da lambar mota da lambar lasisi. Abin da ya tare ka ke nan.

Maganar abokinka cewa tara tana mutuwa bayan shekara uku, na san daga inda ta samo asali. Akwai dokokin wa'adin shigar da ƙara a shari'o'in da ke tsakanin mutum da mutum, irin su bashi da fili da karya yarjejeniya. Wanda ya kwanta a kan haƙƙinsa har wa'adi ya wuce, kotu tana iya ƙin sauraronsa. Laifi ba a kan wannan ma'auni yake ba. Asalin ƙa'ida a dokar laifuka ta Najeriya shi ne tsawon lokaci ba ya wanke laifi, sai inda wata doka ta keɓe wani laifi ta sa masa wa'adi. Babu wata ƙa'ida ta gama-gari da ta ce tarar hanya tana faɗuwa in ta shekara kaza. Hasali ma dokar da ta kafa hukumar, ta 2007, ta ba ta ikon gurfanar da mai laifi a kotun majistare, ta kuma ba ta ikon bayyana wanda ya ƙi zuwa amsa tuhuma a matsayin wanda ake nema. Gaskiya ne daɗewa tana raunana shari'ar mai gabatar da ƙara. Jami'in da ya rubuta ka wataƙila an mayar da shi wata jiha, wataƙila ya yi ritaya, in ma an samo shi da wuya ya tuna fuskarka. Wannan makami ne a hannun lauya idan an shiga kotu. Amma ba zai sa kwamfuta ta sake ka ba, kuma ba zai fitar maka da sabon lasisi ba.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, wato maganar kuɗi. Tarar FRSC ba a baki ake yanke ta ba, a rubuce take cikin jadawali, kowane laifi da kuɗinsa da makinsa, wato makin horo da ake rubuta wa direba. A jadawalin da ake aiki da shi a 2021, amsa waya ana tuƙi naira 4,000 ce da maki huɗu. Rashin ɗaura bel naira 2,000 da maki biyu. Ka haɗa, naira 6,000. Iyakar abin da ke kanka ke nan a kan takardar Kwanar Dawaki. Tara ba bashin banki ba ce, jadawalin bai ɗora mata ruwa na wata-wata ba. Ko da an sauya jadawalin daga baya an ƙara kuɗi, Kundin Tsarin Mulki ya riga ya tsare ka: sashe na 36, ƙaramin sashe na 8, ya hana a yi wa mutum horo da ya fi wanda doka ta tanada a lokacin da aka aikata laifin. Laifin 2021, farashin 2021. Ka riƙe wannan sashe, ka kuma faɗe shi cikin ladabi in an kawo maka wani lissafi daban.

To ta ina 45,000 za ta fito? Kuɗi ɗaya ne na sani yana ƙaruwa da kwana a dokar hukumar, shi ne kuɗin ajiyar abin hawa da aka tsare, naira 200 a kowace rana bayan an ɗaga wa mutum ƙafa na awa 24 na farko. Wannan shi ne yake cinye mutane. Motar da ta shekara a tsare ta tara kusan naira 73,000 na ajiya kaɗai, ban da asalin tarar, ban da tayoyi da iskarsu ta fita da batir da ya mutu. Amma kai ba a tsare motarka ba, lasisi aka riƙe, kuma babu kuɗin ajiyar kati. Saboda haka duk wanda ya ce maka 45,000, ka ce ya rubuta maka yadda ta haɗu, laifi-laifi, kowanne da kwanan watansa da lambar takardarsa. In akwai wata tara da ba ka sani ba, a nan za ta bayyana, kuma kana da haƙƙin ganinta. In babu, lissafin zai rushe da kansa tun kafin a kai layi na biyu.

Mutumin bakin ofis kuwa, dubi abin da ya tallata maka. Kana da bashin 6,000, ya tsorata ka da 45,000, yana neman 20,000 a matsayin rangwame. Ka biya fiye da ninki uku na abin da ke kanka, ka fito kana yi masa godiya. Kuma ba rasit. Abin da ya fi yawan faruwa a irin wannan ciniki shi ne ɗayan biyu: ko ya je ya biya 6,000 ɗin ta hanyar da kai ma za ka iya bi, ya soke sauran a aljihu, ko kuma bai biya komai ba, ya miƙo maka tsohon katinka da ya ƙare aiki, sunanka yana nan a kwamfuta, ba za ka gane ba sai ranar da aka sake tsayar da kai a hanyar Wudil da iyali a mota. In kuwa da gaske akwai wanda zai taɓa rumbun bayanai don an ba shi kuɗi, to ka fita daga laifin waya da bel ka shiga laifin ba da rashawa. Dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya, ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai bayarwa kamar yadda ta tanadar wa mai karɓa. Ba sai na tuna maka da hadisin da aka la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta ba, kai ma ka san shi. Yana ci mini rai in ga mutumin kirki, mai sallah a sahun gaba, ya jefa kansa cikin wannan saboda naira 6,000 da ko cefanen kwana biyu ba ta kai ba.

Sai zancen cewa kotu ta hana su cin tara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa yake yawo a WhatsApp. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsayar da motoci, ko tsare su, ko cin tarar masu su. Wannan hukunci a kan wata hukuma ce ta Abuja da dokokin da suka shafe ta. Bai ambaci FRSC ba, bai shafi dokar Jihar Kano ba. A 2023 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta tabbatar da cewa hurumin FRSC a kan titunan tarayya yake. Wannan hujja ce mai nauyi ga wanda aka rubuta a wani layi cikin Zoo Road ko Rijiyar Zaki. Kai kuwa a titin Kano zuwa Zariya aka tsayar da kai, wanda babu mai gardamar cewa na tarayya ne. Kotuna sun sha taɓa wannan batu, kuma abin da yake maimaituwa shi ne jami'i ba zai tilasta maka biya ba tare da ba ka damar zuwa gaban alƙali ba. Wannan dama tana hannunka har gobe. Amma dama ce ta zuwa kotu, ba ta zama a gida ba.

Ga abin da za ka yi. Ka je da kanka, da safe, ranar aiki, ofishin hukumar, ka wuce duk wanda ya tare ka a ƙofa yana tambayar me ke tafe da kai. Ka nemi teburin da ke kula da masu laifin hanya. In takardar 2021 tana nan, ko ta yage ko ta koɗe, tafi da ita, domin a jikinta akwai lambar takarda da alamar rundunar da ta rubuta ka. In ta ɓata, lambar motarka da lambar tsohon lasisi sun isa a nemo. Ka roƙi a nuna maka abin da ke rubuce: wane laifi, wace rana, a ina, nawa. Ka tabbatar da kai ne, ka tabbatar laifi biyu ne. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda mutane suke mantawa: shin an tura maganar kotu?

In an ce ba a tura ba, aikinka ya yi sauƙi. Kuɗin Gwamnatin Tarayya tun 2015 asusu ɗaya suke shiga, ta hanyar Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati. Za a fitar maka da lambar biya da ake kira RRR, lambobi goma sha biyu ne. Kafin ka miƙa kuɗi, karanta takardar: sunan hukumar ne a matsayin mai karɓa, sunanka ne a matsayin mai biya, adadin ya yi daidai. In ka ga lambar asusun wani mutum, ko aka ce tura ta wannan lambar waya, tsaya nan. Ka biya a banki ko ta wayarka. Sai ka koma ofishin da shaidar biya, domin biya kaɗai ba ya rufe fayil, sai sun tabbatar sun shigar. A nan ne mutane da yawa suke yin rabin aiki: sun biya, sun tafi gida, sunan bai sauka ba. Ka tsaya har a buga maka hatimi, a mayar maka da tsohon lasisin in yana nan, ko a rubuta maka cewa babu sauran komai a kanka. Wani lokaci sukan sa mai laifi ya zauna ɗan gajeren darasin wayar da kai kafin a sallame shi. Ka zauna, ba wulaƙanci ba ne.

Ƙaramin abu ɗaya da na ga ya sa mutane kuka: rasit ɗin na'urar POS, wannan 'yar siririyar takarda mai sheƙi. Ka bar ta a aljihun mota ta sha zafin watan Afrilu na Kano, bayan 'yan watanni za ka ɗauko ta fara fat, ko alamar rubutu babu. Ranar da ka biya, ka ɗauki hotonta da waya, ka yi mata kwafi a shagon bakin titi, ka tura hoton ga wani ɗan'uwanka, ka rubuta lambar RRR ɗin a wani wuri daban. Da lambar nan ana iya sake fitar da rasit ko bayan shekaru.

In kuwa aka ce an tura kotu, to kada ka biya komai tukuna, ka tambayi wace kotu ce da lambar ƙara, ka je wurin magatakarda. A nan za ka tarar da ɗayan hali biyu. Na farko, an fitar da sammaci ba ka je ba. Mai shari'a yana da ikon ba da takardar kamu a kan wanda aka kai wa sammaci ya ƙi zuwa, kuma takardar kamu tana nan da ƙarfinta har sai an zartar da ita ko kotun ta janye ta. Maganin wannan shi ne ka kai kanka kafin a kai ka. Wanda ya shigo da ƙafarsa, da lauya ko ma shi kaɗai, ya ce ranka ya daɗe, ban samu sammaci ba, da na ji labari ga ni, daban ake kallonsa da wanda aka ɗauko a bayan mota. Kuma ka sa a duba fayil ko akwai shaidar an kai maka sammacin. Ba a yanke wa mutum hukunci ba tare da an sanar da shi ana ƙararsa ba, in an yi haka kuwa, hujja ce ta neman a rushe.

Hali na biyu ya fi nauyi, kodayake daga bayaninka ban ga alamar ya shafe ka ba. Shi ne wanda aka gurfanar a kotun tafi-da-gidanka, aka yanke masa tara, ya biya rabi ko ya yi alkawari, ya sulale. Kada rumfa da teburin roba su ruɗe ka, wanda ke zaune a wurin majistare ne na gaske, hukuncinsa daidai yake da na wanda ke zaune a Gidan Murtala. Tarar da kotu ta yanke ba tayi ba ce kamar takardar bakin titi, umarni ce, kuma yawanci akan haɗa ta da zaɓin zaman gidan gyaran hali in ba a biya ba. Mai irin wannan ya koma kotun da ta yanke, ya nemi a ba shi lokaci ko a yarje masa biya kashi-kashi, doka ta ba alƙali wannan iko. In kuma yana ganin an zalunce shi, wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu kwana 30 ne. Bayan ya wuce sai an nemi izinin ƙarin lokaci, da dalili mai ƙarfi na jinkirin. Shirun shekaru ba ƙaramin abu ba ne a bayyana wa alƙali.

Za ka ce to in biya ne ko in je kotu? Kai da bakinka ka ce kana waya, kuma ba ka ɗaura bel ba. Biya. Ba na ba ka shawarar ka ɗauki lauya, ka rufe shago kwana da kwanaki a Kwari, kana zaman jiran a kira ƙara, kan abin da ka san ka yi. Kuma akwai bambancin da ba a cika lura da shi ba: biyan tara a ofis ba hukuncin kotu ba ne, amma in ka je kotu aka same ka da laifi, ya shiga tarihinka a matsayin wanda kotu ta taɓa hukuntawa. Ban da wannan, ni ina ganin dokar waya da ta bel suna daga cikin dokokin da suka fi cancanta a bi a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa shiga sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na ƙashi da ke Dala ya ga waɗanda aka kwaso daga titin Zariya, ba zai kira tarar 2,000 zalunci ba.

Wanda nake cewa ya tsaya ya yi jayayya shi ne wanda tarar ba tasa ba ce. Wannan ya yi yawa a Kano saboda yadda muke cinikin mota. A sayar a gaban dillali, a rubuta yarjejeniya a falle ɗaya, shaidu biyu su sa hannu, a miƙa makulli da takardu, a yi addu'a a watse. Babu wanda ya je ofishin lasisin motoci ya canza sunan mai mallaka. Bayan shekara biyu motar ta shiga hannu na uku, tana lodin fasinja a Unguwa Uku, amma a kwamfuta har yanzu taka ce. Laifin tuƙi na wanda ke riƙe da sitiyari ne, ba na wanda sunansa ke takarda ba. Sai dai kai za a fara nema, kuma kai za ka nuna ba kai ba ne. Mai irin wannan ya rubuta wasiƙa zuwa ga kwamandan hukumar na jiha, gajeriya, ya faɗi lambar mota da ranar da ya sayar da wanda ya sayar wa, ya haɗa kwafin yarjejeniyar, ya nemi a cire sunansa. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya riƙe. Sannan ya bi sawun canjin sunan har ya kammala, in ba haka ba gobe wata za ta zo, kuma ba lallai ta zama tarar bel ba, tana iya zama motar da aka buge mutum da ita aka gudu.

Akwai abin da ba ka faɗa ba a tambayarka, ni kuma dole in taɓo, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga 2021 zuwa yau da me kake tuƙi? In babu lasisi kake yawo, wannan laifi ne na daban, tararsa a jadawalin naira 10,000 da maki goma, kuma duk ranar da aka tsayar da kai sabuwar takarda ce. Abin da ya fi tarar haɗari shi ne inshora. Allah ya kiyaye, in hatsari ya auku kana tuƙi ba lasisi, kamfanin inshora ya samu ƙofar zillewa, a kotu kuma wannan ne abu na farko da za a ɗora a kan tebur. Ka ajiye tuƙi ko ka ɗauki direba har ka karɓi takardar wucin gadi ta sabon lasisi. Sannan ina roƙonka, in wani ya ba ka shawarar ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa lasisinka ya ɓata, kada ka yi. Bai ɓata ba, ka san inda yake. Rantsuwar ƙarya laifi ne mai ɗauri a dokar Penal Code da muke aiki da ita a Arewa, kuma kwamfutar da ta nuna tararka ita ce za ta nuna ƙaryar. In ka riga ka yi, ka gaya wa lauya kafin ka taka ofishin.

Da yake na san masu karanta wannan amsa da yawa ba da FRSC suke da magana ba, da KAROTA ce, bari in ɗan faɗa. KAROTA hukumar Jihar Kano ce mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, an kafa ta a 2012 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, da dokarta da jadawalinta daban, don haka alƙaluman da na kawo a sama ba nata ba ne. Amma Kundin Tsarin Mulki ɗaya ne a kan kowa. Laifin dole ya kasance a rubuce a doka tare da horonsa, wannan ƙaramin sashe na 12 ne na sashe na 36. Kana da haƙƙin a nuna maka inda aka rubuta. Kana da haƙƙin cewa a kai ka gaban alƙali. Kuɗi kuma asusun gwamnati suke shiga, da rasit na gwamnati. Bambancin a aikace shi ne tsohuwar tara a nan yawanci tana tafe da abin hawa a tsare, musamman Adaidaita Sahu. Yaro ya karya doka, aka kama mashin, ya ji tsoron mai shi, ya kashe waya ya tafi ƙauye. Mai mashin yana jiran balas, bai san dukiyarsa tana shan rana a harabar ofis ba sai bayan makonni. Duk mai abin hawa a tsare, kowace hukuma ce ta tsare, kada ya bari ya kwana biyu bai je da takardun mallaka ba. A dokar FRSC, abin hawan da aka bari wata shida ba a zo karɓa ba, hukumar tana iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata shi a yi gwanjonsa. Kuma ba a kama wani a madadin wani: sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta wannan ƙarara, don haka ba a tsare uba ko mai mashin don yaro ya gudu.

In ka bi duk hanyar nan aka ƙi nuna maka lissafi, ko aka dage sai kuɗi a hannu, kada ka yi hayaniya a wurin, kada ka ɗaga murya, kada ka taɓa kowa, domin cin zarafin jami'i sabon laifi ne da zai binne gaskiyarka. Ka rubuta suna ko lambar da ke jikin rigarsa, da rana da lokaci. In hukumar tarayya ce, ka kai ƙorafi a rubuce ga kwamandan jiha, in bai yi ba akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya, tana da ofis a Kano. In ta jiha ce, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jihar Kano. Wanda maganarsa ta kai kotu kuma ba shi da kuɗin lauya, ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a. In za ka kai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki, ka sani akwai dokar da ta sa wa'adin wata uku, don haka ba a jan ƙafa, sai dai in ta hanyar kare haƙƙin ɗan'adam za a shigar, wadda ƙa'idojinta na 2009 suka cire mata wa'adi.

Kai dai, Alhaji, ba na zaton za ka kai nan. Ka tafi da katin ɗan ƙasa, da takardun mota, da tsohuwar takardar in ta samu, da naira 6,000 da ɗan abin da banki zai caza na aikawa. In aka ce maka an tura kotu, ka karɓo sunan kotun da lambar ƙarar ka nemi lauya kafin ka yi wani motsi. In ba a tura ba, da yardar Allah kafin azahar ka gama, ka wuce layin ɗaukar hoton sabon lasisi, na shekara uku ko na biyar.